Lev Artsimovich: masanin da ya ƙi karɓar nasara kafin a tabbatar da ita

A shekarar 1952, na'urorin wani ɗakin gwaji na sirri a Mosko suka fara nuna fitar ƙwayoyin niyutiron. Alama ce da ka iya nufin an cimma babban buri: haɗe ƙwayoyin zarra don samar da makamashi, kamar yadda ake yi a cikin rana. Stalin yana raye, hukuma kuma tana jiran albishir. Amma jagoran aikin, Lev Artsimovich, ya dage a sake bincike. Sai aka gano ba zafi ne ya haifar da ƙwayoyin ba. Hargitsewar iskar gwajin ce ta tayar da ƙarfin lantarki da ya ingiza wasu 'yan ƙwayoyi. A 1958 masana a Birtaniya suka faɗa wannan tarko da na'urarsu ZETA, suka yi shelar nasara, daga baya suka janye.

An haifi Artsimovich a Mosko ranar 25 ga Fabrairu, 1909. Ya kammala jami'a a Minsk a 1928, ya koma cibiyar kimiyya ta Leningrad a 1930. Bayan yaƙin duniya na biyu ya yi aikin tace yuraniyom, a 1951 kuma aka damƙa masa shirin makamashin haɗewar zarra na Tarayyar Sobiyet.

Matsalar da ya gada babba ce. Dole iskar gas ta kai zafin miliyoyin digiri, ta zama abin da masana ke kira plasma, wadda babu bangon da zai jure ta. Sai a ɗaure ta da maganaɗisu. Amma takan yi ta tumbatsa, musamman a gefe, zafin ya tsiyaye kamar ruwa a kwando. Tawagarsa ta duƙufa kan wata na'ura mai siffar zobe, tokamak.

A 1968, a taron Novosibirsk, ya sanar cewa tokamak ɗinsu T-3 ta kai kusan digiri miliyan 10. Masanan Yamma suka yi shakku. Maimakon jayayya, ya gayyaci masana daga Culham ta Birtaniya, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Suka zo da na'urar lesa a 1969, suka auna, suka gaskata shi. Nan da nan Amurka ta mayar da babbar na'urarta ta Princeton tokamak.

Ya rasu ranar 1 ga Maris, 1973, bai ga an shawo kan hargitsin gefe ba. Sai a 1982, a na'urar ASDEX ta Jamus, aka ga plasma ta riƙe zafinta kusan ninki biyu. Daga baya aka gane ƙarfin lantarki a gefenta ne ke yayyaga hargitsin. Yadda za a fitar da zafin da ya tsere ba tare da ya cinye bango ba, shi ne aikin da ke gaban ITER, katafariyar tokamak da ake ginawa a kudancin Faransa.