Arnold Theiler: Likitan dabbobi mai hannu ɗaya da ya bi sawun cututtukan kaska

An haifi Arnold Theiler a garin Frick na ƙasar Suwizalan a 1867. Da ya gama karatun likitan dabbobi, sai ya tafi Afirka ta Kudu a 1891. Bai samu aikin da ya karanta ba, dole ya kama ƙwadago a wata gona kusa da Pretoria. A can injin yankan harawa ya guntule masa hannun hagu. Haka ya ƙare rayuwarsa da hannun roba, amma bai bar aikin dabbobi ba.

Sunansa ya fara fitowa a 1896, lokacin da bushiya ta faɗa wa shanun ƙasar. Wajen 1902 kuma wani zazzaɓi ya biyo shanun da aka kawo daga gaɓar Afirka ta Gabas. Saniya sai kaluluwarta ta kumbura, numfashi ya yi mata wuya, cikin 'yan makonni ta mutu. Masana da dama suka ɗauka ciwon fitsarin jini ne da aka saba da shi.

Theiler ya duƙufa duba jini a madubin likita. Ya ga ƙwayar wannan cuta ta fi ta fitsarin jini ƙanƙanta. Kuma idan an ɗura jinin marar lafiya a jikin mai lafiya ba ta kamuwa, saɓanin fitsarin jini. A 1904 ya tabbatar cuta ce daban, shi kuwa masanin ƙwari Charles Lounsbury ya nuna kaskar kunne ce ke yaɗa ta. Daga nan aka dage da wankan magani, da shinge, da hana yawo da shanu. Ƙwayar har yau sunansa take ɗauke da shi: Theileria.

A 1908 ya buɗe cibiyar bincike ta Onderstepoort. A 1910 ya gano ƙwayar Anaplasma mai shanye jinin saniya, sannan ya samo 'yar'uwarta marar ƙarfi da har yanzu ake rigakafi da ita. Ya rasu a Landan a 1936.

Wancan zazzaɓin bai zo Afirka ta Yamma ba, amma fitsarin jini da Anaplasma suna nan a garkunanmu. To, idan saniya ta daina kiwo kuma kaska ta cika mata jiki, kada a yi ta allura da ka. A kira malamin dabbobi ya ɗebi jini a duba, domin kama da wane ba ta wane.