Tarihin Ɗan Hausa

Tun ina makarantar mishan na ke jin sunan Ɗan Hausa, ina tsammani Bakano ne. Ashe Bature ne, Hanns Vischer, an haife shi a Basel ta Suwizalan a 1876. Aikin mishan ya kawo shi, sa'an nan ya koma aikin Gwamnati. A 1909 ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Abin da na fi yaba masa, malamai ya fara tarawa, ya koya musu boko domin su koyar. A 1912 ya tsara ƙa'idodin rubutun Hausa, tushen waɗanda za mu gyara rubutun yaran Kafanchan da su. Ya rasu a 1945, gidansa kuwa yana nan Kano.