Labarin Sibawaihi, Malamin Nahawu Mai Nauyin Harshe

Duk wanda ya zauna zauren ilimi a Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, ya karanta Ajuruma ko Alfiyya, ya ji sunan Sibawaihi. Amma ba kowa ya san harshensa na sarƙewa in yana magana ba. Masu tarihi sun kira abin hubsa, watau ɗaurewar harshe, 'yar'uwar i'ina.

Sunansa Amru ɗan Usmanu. Mutumin Farisa ne, an haife shi a Baila'u, kusa da Shiraz. Ya tafi Basra neman hadisi wurin Hammadu ɗan Salama. Ran nan ya yi lahani a karatu, malam ya gyara masa a gaban jama'a. Kunya ta sa ya koma wurin Halilu ɗan Ahmadu, ya duƙufa kan nahawu har ya fi tsaransa.

Nauyin harshen bai rabu da shi ba, kuma bai zauna jiran ya rabu ba. Ya ci gaba da karantarwa, ya shiga muhawara da harshen da Allah ya ba shi. An ce alƙalaminsa ya fi bakinsa fasaha. Abin mamaki, shi wannan da haruffa ke yi wa gardama, shi ne ya tsara mafitansu goma sha shida a littafinsa Al-Kitab, tun daga maƙogwaro har leɓɓa da hanci. Malaman tajwidi kan aikinsa suka ɗora.

Masu ilimin maganin i'ina na zamani sun ce yawancin yara suna warkewa, amma wanda ya girma da ita da wuya ta bar shi sarai. Abin da ake nema masa shi ne ya sassauta kokawa da kalma, ya daina gudun magana, ya iya ciniki a kasuwa, ya iya ba da karatu. Wanda ya yi wa baligi alkawarin warkewa cikin mako guda, kuɗinsa yake so.

A zamanin Haruna Rashidu, Sibawaihi ya je Bagadaza. Waziri Yahaya ɗan Halidu Barmaki ya haɗa shi da Kisa'i, shugaban malaman Kufa, ɗaya daga cikin maƙaranta bakwai. Suka saɓa kan mas'alar kunama da zirnaƙo. Larabawan ƙauye da aka kira shaida suka goyi bayan Kisa'i, wasu na cewa don ganin matsayinsa a fada. Sibawaihi ya koma Farisa da baƙin ciki, ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira, watau 796, bai tsufa ba. Allah ya jiƙansa.

Littafin kuwa, almajirinsa Ahfashu ne ya karantar da shi bayansa. Mubarradu yakan kwatanta fara karatunsa da hawa teku.