Florence Nightingale: Baiwar Allah Mai Fitila

Yawancinmu a ƙasar Gwarzo da Kabo muna da ɗiya ko ƙanwa wadda ta tafi Kano koyon aikin jinya, ko kuwa tana fatan tafiya. Idan suka zo hutu mukan ji suna zancen wani darasi da ake koya masu a kan ɗa'ar aiki da dokokinsa: abin da ya wajaba a kan nas, da abin da aka haramta mata. Wannan darasi yana da tushe, tushensa kuwa yana cikin rayuwar wata mace wadda ta bar duniya tun 1910. Ita ce za mu duba a wannan mako.

An haifi Florence Nightingale ran 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, sa'ad da iyayenta suke yawon buɗe ido, shi ya sa aka raɗa mata sunan garin. Iyayenta Ingilishi ne masu dukiya. Mahaifinta da kansa ya koya mata harsuna da tarihi, ta kuma ƙware a lissafi. A watan Fabrairu na 1837, tana da shekara 16, ta gaskata cewa Allah ya kira ta zuwa hidimarsa. Sai da aka yi shekaru kafin ta gane cewa hidimar ita ce jinyar marasa lafiya.

Da ta faɗa wa iyayenta, sai gida ya rikice. A Ingila ta wancan zamani ana ɗaukar jinya a asibiti aikin ƙasƙanci ne, ana zargin masu yinsa da maye da rashin kamun kai, babu kuma makarantar kirki da ke koyar da shi. Mahaifiyarta da yayarta suka ƙi sam. Florence ba ta yi masu rashin kunya ba, amma ba ta saki kiranta ba. Har aure ta ƙi, ko da yake wani mutum mai daraja ya daɗe yana nemanta. A 1851 ta tafi Kaiserswerth a ƙasar Jamus, inda Fasto Theodor Fliedner yake horar da matan ikkilisiya domin hidimar marasa lafiya, ta yi kamar wata uku tana koyo.

A 1853 aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a Landan. Nan ta fara nuna irin halinta. Kwamitin asibitin yana so a riƙa karɓar 'yan ɗarikar Angalika kaɗai. Ita kuwa ta tsaya kai da fata sai an buɗe ƙofa ga 'yan Katolika da Yahudawa, har kwamitin ya sakko. Mu da muke zaune tsakiyar maƙwabta Musulmi, wannan abin lura ne. Ciwo ba ya tambayar addinin mutum, bai kuwa kamata mai jinya ta tambaya kafin ta miƙa hannu ba. Basamariyen nan na cikin Luka sura 10 bai binciki asalin wanda ya tarar kwance a hanya ba.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya suna taimakon Turkiyya a kan Rasha. Jaridu suka kawo labarin yadda sojojin Ingila suke mutuwa ba mai kula da su. Sidney Herbert, wani minista mai kula da sha'anin soja, ya roƙi Florence ta je. Ta tashi a watan Oktoba da mata 38, suka isa Scutari, a tsallaken birnin Istanbul, farkon Nuwamba. Asibitin tsohon barikin soja ne, an gina shi a kan magudanan ƙazanta da suka toshe. Ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, babu sabulu, babu isassun barguna.

Likitocin soja ba su yi maraba da su ba. Florence ta hana matanta taɓa majiyyaci sai likita ya ba da izini, ko da yake zuciyarsu tana ƙuna. Ba a daɗe ba aka fara sauke ɗaruruwan waɗanda suka ji rauni a fagen fama, dole likitocin suka nemi taimakonsu. Ta sa aka wanke ɗakuna, ta kafa wurin wanki, ta gyara abinci, ta sayi riguna da kuɗin gudummawa. Da dare takan zaga da fitila tana duba majiyyata, daga nan sunan Mai Fitila ya bi ta. Ta kuma rubuta wasiƙu masu yawa zuwa ga iyaye da matan waɗanda suka rasu.

Amma fa a nan ne labarin yake da ɗaci. Duk da wannan wahala, sojoji fiye da 4,000 suka mutu a Scutari a wannan hunturu na farko, yawancinsu ba raunin yaƙi ya kashe su ba, sai kwalara da atuni da zazzaɓin taifod. Mutuwa ba ta ragu sosai ba sai bayan da gwamnati ta aiko da hukumar tsabta a watan Maris na 1855, aka yashe magudanai, aka gyara ruwan sha, aka buɗe hanyoyin iska.

Da ta koma gida a 1856, jama'a suna ta yabonta, ita kuwa ta ɓuya, ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr suna bin alƙaluman mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka gano shi ne, mafi yawan sojojin da aka rasa cututtukan da za a iya hanawa ne suka kashe su, asibitin da ta yi aiki kuwa yana cikin wuraren da aka fi mutuwa. Wani zai rufe wannan domin kare sunansa. Ita ta tattara shi, ta zana shi yadda kowa zai gane, ta matsa har aka kafa hukumar binciken lafiyar soja a 1857. Ta koyar cewa farillar farko a kan asibiti ita ce kada ya ƙara wa majiyyaci cuta.

A 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas na Landan da ɗalibai 15, da kuɗin da jama'a suka tara domin girmama ta. Ana rubuta rahoto a kan kowace ɗaliba, ba a kan iya aiki kaɗai ba, har da gaskiya, da kiyaye lokaci, da tsabta, da natsuwa. Ta nace cewa nas ba 'yar tsegumi ba ce, asirin majiyyaci amana ne a hannunta. A 1861 ta kafa sashen koyar da ungozomomi a asibitin King's College. Da aka ga masu jego suna mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa, aka rufe sashen a 1867, ita kuma ta bi diddigin dalilin, ta buga abin da ta gano a 1871. Ran uwa ɗaya ya fi mata sunan makarantarta.

Ba za mu ɓoye inda ta kuskure ba. Sa'ad da wasu, irin su Ethel Bedford Fenwick, suka tashi neman doka ta yi wa nas-nas rajista, Florence ta ƙi goyon baya. A ganinta jinya kira ce, jarrabawa kuwa ba ta iya auna halin mutum. Tana da gaskiya a gefe guda, amma hali ba tare da doka ba ya bar majiyyaci a hannun duk wanda ya sa farar riga. Ingila ta kafa dokar rajista a 1919. A ƙasarmu, dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ce ta kafa majalisar da ke kula da nas-nas da ungozomomi, mai ba da lasisi, mai ikon karɓe shi idan an ci amanar aiki. Alkawarin nan da ɗalibai suke ɗauka mai ɗauke da sunanta ma ba ita ta rubuta ba; Lystra Gretter ce da wani kwamiti suka tsara shi a Detroit ta Amurka a 1893, domin girmama ta.

Zazzaɓin da ta kamu da shi a Kirimiya bai rabu da ita ba, ta yi shekaru masu yawa tana aiki daga kan gado. A 1907 ta zama mace ta farko da aka ba lambar girma ta Order of Merit. Ta rasu ran 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. Aka yi tayin binne ta a Westminster Abbey tare da manyan ƙasa, danginta suka ƙi bisa ga nufinta, aka binne ta a harabar majami'ar ƙauyen East Wellow. Irin da ta shuka ya iso har gare mu: Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta Nijeriya a 1965, a makarantar St Thomas ta yi karatu.

To, ya ku 'ya'yanmu masu wannan aiki, ko a babban asibitin Gwarzo kuke ko a ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, gwajinku kullum yana zuwa. Ranar da kika ba da magani bisa kuskure, za ki faɗa ko za ki rufe? Cutar maƙwabciya da kika gani a kati, za ta fita daga bakinki a taron zumuntar mata? Talakan da ba shi da abin goro, zai jira har yamma? Mu kuma iyaye, kada mu matsa wa ɗalibar da ba ta da lasisi ta yi mana allura a gida, kada mu tambaye ta ciwon wane da wance. Ubangiji Yesu ya nuna mana cikin Matiyu sura 25 cewa hidimar da aka yi wa marar lafiya shi aka yi wa. Bari mu riƙa sa ma'aikatan jinya cikin addu'a, Allah ya ba su hannu mai sauƙi da zuciya mai riƙon amana. Amin.