Taƙaitaccen Tarihin Dorothy Hodgkin (1910–1994)

Gabatarwa

Duk wanda aka taɓa yi wa allurar fanisilin, ko yake da ɗan uwa mai ciwon sukari da ke dogaro da insulin, ya ci moriyar aikin wata mata da ba kasafai ake jin sunanta a ƙasar Hausa ba. Ita ce Dorothy Hodgkin, masaniyar kimiyyar sinadarai da ta gano yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa a cikin waɗannan magunguna.

Haihuwarta da karatunta

An haifi Dorothy Crowfoot a birnin Alƙahira ranar 12 ga Mayu, 1910. Mahaifinta, John Crowfoot, jami'in ilimi ne a Masar, daga baya ya koma Sudan ya shugabanci Kwalejin Gordon ta Hartum. A Ingila ta yi makaranta, a garin Beccles, inda ita da wata yarinya ɗaya kaɗai aka yarje wa zama ajin kimiyyar sinadarai tare da maza. Da ta tashi neman Jami'ar Oxford sai ta tarar ba a ɗaukar wanda bai ci jarrabawar Latin ba, alhali ba ta karanta shi a makaranta ba. Sai da aka koya mata shi a keɓe kafin ta samu gurbi. Ke nan harshe ne ya buɗe mata ƙofar kimiyya.

Ta shiga Kwalejin Somerville ta Oxford a 1928, ta fita da daraja ta ɗaya a 1932. Daga nan ta wuce Cambridge wajen J. D. Bernal, ta dawo Oxford da koyarwa a 1934, ta kuma samu digirin digirgir a 1937.

Yadda aikin yake

Ƙwayar magani ta yi ƙanƙantar da madubin likita ba ya nuna ta. Dabarar ita ce a sa sinadarin ya daskare kamar ƙwayar gishiri, sannan a haska masa hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Idan hasken ya ratsa sai ya warwatsu, ya bar ɗige-ɗige a kan fim. Daga wurin da kowane ɗigo ya faɗa da kuma ƙarfinsa ake lissafo mazaunin kowace zarra. A farkon aikinta da hannu ake yin wannan lissafi, yakan kuma ci watanni. Amfaninsa shi ne, sai an san siffar sinadari ake fahimtar yadda yake aiki a jiki da yadda za a kyautata shi.

Manyan nasarorinta

A 1945 ita da abokan aikinta suka gano siffar fanisilin, wanda zarrarsa ba ta kai 50 ba. Sun tabbatar da cewa akwai wani zobe mai kusurwa huɗu a tsakiyarsa, abin da wasu manyan masana na lokacin suke musantawa. Wannan ya taimaka wajen ƙirƙiro sababbin magunguna dangin fanisilin.

A 1948 ta fara aiki kan bitamin B12, wanda rashinsa ke haddasa wani mugun ƙarancin jini. Zarrarsa ta kai wajen 180, don haka ta haɗa kai da masu kwamfuta a Los Angeles ta Amurka, aka kammala a tsakiyar shekarun 1950.

Insulin ne ya fi ba ta wahala, domin zarrarsa ta kusa 800. An ba ta samfurinsa a 1934, amma sai a 1969 ita da tawagarta suka warware shi, wato bayan shekara 35. Duk wannan ta yi shi da hannuwan da amosanin gaɓɓai ya fara kamawa tun tana matashiya, har yatsunta suka lanƙwashe. Lallai mahaƙurci mawadaci.

Alaƙarta da Afirka ta Yamma

A 1937 ta auri Thomas Hodgkin, masanin tarihin Afirka, suka haifi 'ya'ya uku. Shi ne ya tattara littafin Nigerian Perspectives a 1960, wanda ya ƙunshi fassarar ɓangarori na Tarihin Kano da rubuce-rubucen shugabannin jihadin Sakkwato. A 1962 ya zama daraktan Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana. Dorothy tana Gana tare da shi a 1964 labari ya iske ta cewa an ba ta kyautar Nobel a kimiyyar sinadarai. Ita ce mace ta uku da ta samu wannan kyauta, bayan Marie Curie a 1911 da 'yarta Irène a 1935.

Ɗalibanta da rasuwarta

Ta horar da matasa daga ƙasashe da dama, har da Indiya da Sin. Cikin ɗalibanta akwai Margaret Roberts, wadda duniya ta sani da Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990. Ta kuma riƙe muƙamin uwar Jami'ar Bristol daga 1970 zuwa 1988. Ta rasu ranar 29 ga Yuli, 1994, tana da shekara 84.

Kammalawa

'Yan uwa ɗalibai, akwai aikin da ya rage namu. Mai ciwon sukari a Tungan Maje ko Zariya yana buƙatar a bayyana masa mene ne insulin da harshen da yake ji, ga shi kuwa kalmomin wannan fanni a Hausa ba su da yawa. Ɗalibin harshe da ya leƙa sashen kimiyya ya zauna da takwarorinsa zai iya samo maudu'in kundin digirinsa a can: tattara kalmomin, tantance su da fassara su. Allah Ya ba mu juriya irin tata.