William Billings, Majemin da Ya Koya wa Mutanensa Waƙa

Sa'ad da na ke yaro a makarantar mishan, akwai wata gajeruwar waƙa da mu kan rera a kan kukan da Yesu ya yi. Malam ya kan raba mu kashi huɗu. Na fari su soma, in sun kai ƙarshen layi sai na biyu su ɗauko daga farko, haka haka har muryoyin duka su haɗu suna bin juna. Na daɗe ina tsammani wani babban masani ne na Ingila ya shirya ta. Sai da na zo kwalejin nan na ji ashe majemi ne, mutumin Amurka, sunansa William Billings.

An haife shi a birnin Boston ran 7 ga Oktoba, 1746. Yana da shekara 14 ubansa ya rasu, karatu ya tsaya, sai ya shiga koyon jima domin ya sami abin sakawa a baki. Jikinsa ma ba lafiyayye ba ne, gama ido ɗaya ke gare shi, ƙafa ɗaya ta gajarce, hannu ɗaya kuma ya shanye. Ga shi kuwa da yawan shaƙar garin taba. Amma Allah ya ba shi kunne da babbar murya, yawancin abin da ya sani na waƙa kuwa da kansa ya koya.

A 1770, yana da shekara 24, ya buga littafinsa na fari, The New-England Psalm-Singer, mai waƙoƙi fiye da 120. Shi ne littafi na fari da aka buga wanda dukan muryoyin waƙoƙinsa ɗan Amurka ne ya shirya su. Kafin 1794 ta ƙare littattafansa sun kai shida. Murya huɗu ya kan rubuta wa, ba tare da kayan kiɗa ba, ya kan kuma ba maza masu siririyar murya ainihin karin waƙar. A waɗansu waƙoƙin duka su kan tashi tare, can sai masu babbar murya su shiga gaba, sauran su biyo ɗaya ɗaya kamar masu tsere. Lokacin yaƙin neman 'yanci, watau daga 1775 zuwa 1783, sojojin Amurka sun riƙa rera waƙarsa mai suna Chester.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikinsa na malami. Ya yi ta buɗe makarantun waƙa a Boston da garuruwan kewaye, kamar Stoughton a 1774, inda talakawa maza da mata su kan taru su koyi karanta alamun waƙa, su kuma gyara sujadar majami'arsu.

Duk da haka waƙa ba ta ci da shi ba. Babu dokar kirki da za ta hana waɗansu su kwashi waƙoƙinsa su buga a littattafansu. Har ya karɓi aikin lura da sharar titi da kama aladu masu yawo cikin gari. Matarsa ta rasu a 1795, ta bar shi da 'ya'ya shida. Shi kuma ya rasu ran 26 ga Satumba, 1800, cikin talauci, aka binne shi ba ko dutsen shaida a kabarinsa. Daga baya waɗanda su ka fi son waƙar Turai su ka ce aikinsa na ƙauye ne, majami'un birni su ka yar da shi. Mutanen karkara na kudancin Amurka ne su ka riƙe waƙoƙinsa a littattafai irin su The Sacred Harp na 1844, har yau kuwa ana rera su.

To, 'yan'uwa, ba da jimawa ba za a tura mu gwajin koyarwa, da yawanmu kuma za su sami aji wanda ba abin busa, ba abin kaɗawa, sai allo da yara arba'in. Dā ina jin tsoron darasin waƙa saboda haka. Yanzu kuwa na san abin da zan yi ran farko: zan raba su kashi huɗu, mu soma da waƙar majemin nan.