James Naismith: Ɗalibin tauhidin da ya bar mumbari ya ƙirƙiro ƙwallon kwando

A ƙarshen shekarun 1880, ana cikin wasan zari-ruga a Jami'ar McGill da ke birnin Montreal na ƙasar Kanada, wani ɗan wasa ya fusata ya dinga ɗura ashar. Da ya waiwaya ya ga wanda ke tsaye kusa da shi, sai kunya ta rufe shi, ya nemi afuwa, yana cewa ya manta abokin nasa yana wurin. Wannan aboki shi ne James Naismith, ɗalibin ilimin tauhidi da ke shirin zama limamin coci. Bai taɓa yi wa mutumin wa'azi ba, bai kuma taɓa tsawata masa ba. Abin ya tsaya masa a rai: idan halin mutum kaɗai zai iya sa wani ya kama bakinsa a tsakiyar fili, ashe akwai aikin Ubangiji da za a iya yi a wajen da muryar mai wa'azi ba ta kaiwa. Wannan tunani ne ya sauya masa alƙibla, shi ne kuma silar samuwar ƙwallon kwando.

An haifi Naismith ranar 6 ga Nuwamba, 1861, kusa da garin Almonte a lardin Ontario, cikin iyali 'yan asalin Sikotland. A shekarar 1870 zazzaɓin taifot ya kashe mahaifinsa da mahaifiyarsa, ya bar shi maraya yana ɗan kimanin shekara tara. Kakarsa ce ta fara riƙon sa, da ta rasu sai riƙon ya koma hannun kawunsa, Peter Young, manomi wanda bai san wasa da aiki ba. Yaron ya fi ƙwarewa a gona da daji a kan aji. Bai kammala sakandare ba ya watsar da karatu, ya bi masu saran katako cikin dazuzzuka, inda ya koyi shan barasa da zafin baki irin na wannan sana'a.

Ana ba da labarin cewa a wata mashaya ce wani mutum ya gane shi, ya ambaci sunan marigayiya mahaifiyarsa, ya tuna masa irin baƙin cikin da za ta yi da ta gan shi da kofin giya a hannu. Daga nan ya tuba ya ajiye kofin. Ya koma makaranta yana ɗan kimanin shekara ashirin, ya zauna aji ɗaya da ƙannen bayansa, da niyyar ya ba da rayuwarsa ga hidimar Almasihu. A 1883 ya shiga McGill, a 1887 ya sami digirinsa, sannan ya wuce Kwalejin Presbyterian da ke Montreal domin karatun tauhidi.

A jami'a ya yi fice a zari-ruga da wasannin lanƙwasa jiki, har ya karɓi lambobin yabo na gwarzon ɗan wasa. Amma a wancan zamani da yawa daga cikin malaman coci suna kallon irin waɗannan wasanni a matsayin tarkon Shaiɗan, abokan tafiyar caca da mashaya. Wasu 'yan ajinsu sun taɓa haɗuwa suna yi masa addu'ar shiriya saboda ƙwallo. Da ya kammala tauhidi a 1890 ya bayyana cewa ba zai karɓi majami'a ba, zai tafi koyon aikin horar da jiki, 'yar'uwarsa Annie ta ɗauki abin a matsayin juya wa kiran Allah baya, kuma ta daɗe ba ta huce ba.

Ya tsallaka Amurka, ya shiga makarantar horar da ma'aikata ta Ƙungiyar Samari Kiristoci, wato YMCA, a garin Springfield na jihar Massachusetts. A takardar neman shiga ya bayyana burinsa ƙarara: ya jawo mutane zuwa ga Ubangiji ta hanyar ɗakin motsa jiki. A nan ya tarar da masu irin ra'ayinsa. Akwai Amos Alonzo Stagg, shahararren ɗan wasan Jami'ar Yale wanda shi ma ya bar karatun limanci, akwai kuma shugaban sashensu, Dakta Luther Gulick, wanda ya tsara wa ƙungiyar tambarinta mai kusurwa uku da ke nuni da ruhu da hankali da jiki.

A hunturun 1891 Gulick ya damƙa masa wani aji mai mutum goma sha takwas da ya gagari malamai biyu. Dusar ƙanƙara ta hana fita fili, su kuwa samarin sun gaji da atisayen ɗaga hannu da sauke hannu. Aka ba shi mako biyu ya samo wasan da za a yi a cikin ɗaki. Ya gwada shigo da zari-ruga da ƙwallon ƙafa, aka ƙare da raunuka da fasassun tagogi. Sai ya zauna ya binciki tushen rikicin. Ya lura cewa ana kayar da ɗan wasa ne saboda yana gudu da ƙwallo, don haka ya haramta gudu da ita. Ya lura cewa ragar da ke ƙasa tana gayyatar ƙarfi da turereniya, don haka ya ɗaga ta sama da kawunan mutane, inda sai da saiti da natsuwa ƙwallo za ta shiga. Dabarar jifan ya aro ta ne daga wani wasan yarinta da suke yi a ƙauyensu, na jifan dutsen da aka ɗora a kan wani dutse. Mai kula da ginin ya ba shi kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace, ya kafa su a jikin baranda mai tsayin ƙafa goma, ya rubuta dokoki goma sha uku. A watan Disamba aka buga wasan farko, mutum tara-tara, da ƙwallon ƙafa.

Wanda ya duba dokokin nan zai ga hannun ɗalibin tauhidi a cikinsu. Sun hana bangaza da riƙo da turi da taɗiya da duka, sun kuma tanadi hukunci ga wanda ya yi niyyar raunata abokin karawarsa. Aka ba shi shawara ya sa wa wasan sunansa, ya ƙi. Bai yi masa rajistar mallaka ba, bai kuma tara dukiya da shi ba. An buga dokokin a mujallar makarantar a Janairun 1892, kuma cikin 'yan shekaru ma'aikatan YMCA suka kai wasan Faransa da Sin da Indiya.

Shi kuwa ya ci gaba da neman ilimi. Ya koma Denver ya karanta likitanci, ya kammala a 1898. A shekarar ce Jami'ar Kansas ta ɗauke shi ya jagoranci addu'o'in ɗakin sujada, ya kuma koyar da motsa jiki. Ya horar da ƙungiyar ƙwallon kwandon jami'ar, ta ci wasa 55, aka cinye ta 60. Har yau shi kaɗai ne mai horarwa a tarihin ƙungiyar da rashin nasararsa ya fi nasararsa yawa. Hakan bai dame shi ba, domin a ganinsa an yi wasan ne don a buga a gyara hali, kuma yana ɗari-ɗari da yadda kuɗi da son nasara ko ta halin ƙaƙa suka fara mamaye wasannin jami'o'i. Sai a 1916 aka naɗa shi fasto, ya yi limancin sojoji a iyakar Amurka da Meziko, sannan ya yi wa YMCA aiki a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Aƙidarsa ta gamu da gwaji a kan batun launin fata. A 1933 wani saurayi baƙar fata mai suna John McLendon ya shiga sashen motsa jiki na Kansas, a lokacin da wariya ta hana irinsa buga wa ƙungiyar jami'ar wasa. Naismith, yana tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, ya jawo shi a jiki, ya koyar da shi, ya tsaya masa har ya kammala a 1936. McLendon ne ya jagoranci wasan sirrin nan na 1944 a jihar North Carolina, inda ɗalibansa baƙaƙe suka kara da farare na makarantar likitanci ta Duke a bayan ƙofofi kulle, suka doke su 88 da 44. Daga 1957 zuwa 1959 kuma ya ci kofin ƙasa sau uku a jere da wata jami'ar baƙaƙen fata ta jihar Tennessee.

A 1936 aka shigar da ƙwallon kwando cikin gasar Olamfik a Berlin, ƙarƙashin mulkin Hitler. Naismith ba shi da kuɗin tafiya, sai da masu horarwa suka yi masa karo-karo. A filin da ruwan sama ya mayar taɓo, ya kalli ƙasar da ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa ta doke ƙasar haihuwarsa da ci 19 da 8, sannan ya miƙa wa 'yan wasan lambobinsu. Ya rasu ranar 28 ga Nuwamba, 1939, a garin Lawrence, yana da shekara 78.

Wasan ya wuce iyakar coci da ta ƙasa tun yana raye. Zauren karrama gwarzayen ƙwallon kwando da ke Springfield yana ɗauke da sunansa, kuma a 2008 aka shigar da Hakeem Olajuwon, Musulmi haifaffen Legas da aka sani da buga wasa cikin azumin Ramadan. A 2010 aka yi gwanjon shafuka biyun da Naismith ya rubuta dokokinsa a kai, aka saye su fiye da dala miliyan huɗu, aka mayar da su Jami'ar Kansas inda ya shafe kusan shekara arba'in yana koyarwa.